Kowa Ya Gan Ta Ban Da Mijinta

Mista Cleophus Mabry ya haura shekara hamsin yana kai wa baƙi abinci a Gidan Whitlock, wani gidan cin abinci, kuma fiye da rabin shekarun nan ya yi su ne yana shara wa baƙi ƙarya, irin ƙaryar da kowa ya san ƙarya ce amma kowa ke son ji. Ni a gidan na same shi. Sunana Jonelle. Na shiga kicin ɗin ne bayan aurena ya mutu, ga yara biyu a hannu, ban iya komai ba sai wanke-wanke. Matarsa, Mis Verlene, ita ce shugabar kicin, a hannunta na koyi girki. Don haka yawancin abin da zan faɗa idona ya gani, sauran kuma daga bakinsu na ji.

A gonar auduga aka haife shi, can bayan garin Natchez, a kudancin Amurka. Yana tasowa ya ce shi da gona haihata-haihata, ya tako da ƙafa har cikin gari, ya tsaya a ƙofar baya ta Gidan Whitlock, don a wancan zamanin ta nan baƙar fata ke shiga. Aka miƙa masa tsintsiya. Daga shara ya koma zuba wa baƙi ruwa, daga nan aka ba shi farar kwat, har ya zama shi ne babba a cikin masu kai abinci. Dogo ne siriri, murya ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa ko da gidan ya cika maƙil. Yakan ce ya daɗe yana ja wa mutane kujera a ɗakin da doka ta hana shi zama, da dokar ta sauya kuma sai ya tarar ƙafarsa ta riga ta saba da tsayuwa.

Gidan tsoho ne, benen jan bulo a kan tudu yana kallon kogi. Ta baya akwai tsakar gida da aka kewaye da katanga, ciki da tsohon kicin na zamanin bauta, da wata ƙatuwar bishiyar ɓaure, da rijiyar tara ruwan sama da aka daina amfani da ita tun kafin a haife ni, aka rufe bakinta da katako. Ƙofar wurin kullum a kulle take. Babu mai aikin yi a can.

Wata shekara ciniki ya ja baya. Mai gidan ta lokacin, gwauruwa Misis Whitlock, ta kira shi ofis.

"Cleophus, mutanen arewan nan sun dame ni da tambaya wai ko muna da fatalwa. Kowane gida a layin nan yana da tasa, mu kaɗai ne matsiyata."

"To ranki ya daɗe, a wace kasuwa zan sayo miki?"

"Bakin nan naka ado ne?"

A jikin bangon matakala akwai zanen wata farar mace da Misis Whitlock ta saya a gwanjo, babu wanda ya san ko wace ce. Mista Cleophus ya raɗa mata suna Mis Cordelia. Ya ce amarya ce, mijinta ya hau jirgin ruwa zuwa New Orleans, tukunyar injin jirgin ta fashe a tsakiyar kogi, ita kuma ta tsaya a kan matakalar nan tana jira har ta ƙare, kuma har yau ba ta sauka ba. Yadda yake ba da labarin shi ne abin kallo. Sai ya kai tsakiya ya yi shiru, ya kafa ido a bayan mai sauraro kamar ya hango wani abu, sannan ya girgiza kai ya ci gaba da zuba shayi. Na sha ganin manyan maza sun waiwaya. Gidan ya farfaɗo. Motocin 'yan yawon buɗe ido suka dinga tsayawa a ƙofa.

Mis Verlene ba ta taɓa son abin ba. Gajera ce kakkaura, mai shuɗiyar rigar girki wadda ba ta yarda a sauya mata launi, da tabon ƙunar mai a wuyan hannunta na hagu. In tana murza ƙullu sai ta dinga gunjin waƙar coci a hanci, ba ta buɗe baki. Duk duniya ita kaɗai ke kiran mijinta da sunan gidansu, shi ma sai a kicin ko a gida.

"Mabry, kai dikin ne, dattijo guda a coci, kana tsaye kana kiran matattu don a ci soyayyar kaza."

"Wane matattu? Matar nan ko haihuwarta ba a yi ba, Verlene."

"Ci gaba. Mai yawan ƙwanƙwasa ƙofa wata rana za a buɗe masa."

"In an buɗe sai in tambaye ta ko tana son kuɓewa."

"Ɗauki farantin nan ka ɓace mini da gani, tarwaɗar mutane na hucewa."

Haka suke kullum. Ban taɓa ganin ya fita daga kicin ba tare da ta gyara masa wuyan kwat ba, ko da kuwa cikin faɗa suke.

Da bazara ciwo ya kama ta, bai ɗauki lokaci ba. Aka kwantar da ita a asibiti, kafin mu gama shirin zuwa dubiya karo na biyu aka ce ta cika. Bayan jana'iza kowa ya ce ya huta, shi kuwa ya dawo aiki da kwat ɗinsa a goge. Ni aka ba kicin. Ranar farko da ya shigo ɗaukar abinci ya tarar da ni a wurin tsayuwarta, sai ya tsaya turus, sannan ya ce, "Tebur na bakin taga suna jiran gurasar masara, Jonelle," ya juya. Wuyan kwat ɗinsa a karkace yake. Na rasa ƙarfin halin gyara masa.

A wannan shekarar jikokin Misis Whitlock suka sayar da gidan ga wani Mista Garrity daga Atlanta. Matashi ne mai zafin nama, mai dariya da kowa. Ba mugu ba ne, sai dai duk abin da ya gani tunaninsa yadda za a sa shi a talla.

Abin ya fara ne wata rana da tsakar rana. Na fito da kwanon ganye zan ajiye a teburin gefe, Mista Cleophus yana tsaye kan wasu mata da miji yana ba su labarin Mis Cordelia. Matar ta katse shi.

"Ai mun ganta! Amma ba fara ba ce, kuma ba a matakala take ba. A lungun nan na baya muka ganta, wajen ban-ɗaki. Baƙar mace, gajera, da shuɗiyar rigar girki. Na yi mata sannu ba ta amsa ba, na waiwaya babu kowa."

Mista Cleophus yana riƙe da butar shayi mai ƙanƙara. Na ga ƙanƙarar ta fara kaɗawa a ciki. Ya cika mata kofi, ya cika na mijin, bai zubar da ko ɗigo ba, ya ce, "A ci lafiya." Ya wuce ni kamar bai san ni ba, ya shiga ɗakin ajiya ya rufe ƙofa.

Babu mai sa shuɗiyar riga a kicin ɗinmu. Mista Garrity ya sa duk mun koma sa baƙaƙen riguna.

Ba a jima ba wani ya sake faɗa. Sai wata tsohuwa daga Ohio ta ce ta ji gunjin waƙa a lungun. Sai wani ya ce ya lura da tabo a hannun matar. Yaran kicin suka daina bin lungun nan su kaɗai, in za a ɗauko tawul sai a tafi biyu-biyu. Ni kaina in na bi ta nan sai in ji tsigar jikina ta tashi, in kama addu'a a zuci, alhali matar nan ta riƙe ni kamar ƙanwarta. Na ji kunyar tsoron, amma tsoro ba ya tambayar izini.

Mista Cleophus kuwa ya fara ramewa. Tsakanin abincin rana da na yamma, lokacin da gidan ke yin tsit, kowa ya nemi wurin miƙe ƙafa, shi sai ya ɗauki kujera ya kai lungun ya zauna, hannuwa a kan gwiwa, yana fuskantar bango. Wata rana na kai masa kek ɗin dankali, irin wanda ta koya mini. Bai taɓa ba.

"Jonelle, tsakaninki da Allah, kin gan ta?"

"Ban gan ta ba, Mista Cleophus."

"Ko motsi?"

"Babu."

"Ni ma haka." Ya shafa fuska. "Shekara arba'in da ɗoriya muna kwana gado ɗaya. Ta fito wa wani baƙo mai gajeren wando da kyamara a wuya, ni ban da ni? Me na yi mata?"

"Ba ka yi mata komai ba. Mutane ne da surutu."

"Surutu ya san tabon hannunta?"

Na ajiye kek ɗin a gefensa. Ya ce a ransa yana ganin fushi take yi da shi, saboda ta hana shi wasa da matattu bai hanu ba. Ya ce ya daina iya barci a gefensa na gado. Na ce ya je ya ga Fasto. Ya ce ya je, Fasto ya karanta masa aya ya ce matattu suna hutawa, ba sa yawo a gidan abinci. "Na ce masa amin. Amma Fasto bai san Verlene ba. Yaushe ta taɓa hutawa?"

Ana cikin haka Mista Garrity ya tare shi a kicin, gabanmu duka, fuskarsa cike da fara'a.

"Mista Cleophus, na yi wani tunani. Labarin Cordelia ya tsufa. Mutane yanzu gaskiya suke so. Me zai hana ka dinga ba su labarin Mis Verlene? Girmamawa ce a gare ta. Mu sa hotonta a lungun, mu sa wa kek ɗin sunanta."

Kowa ya bar abin da yake yi ya juyo.

"Yallaɓai, matata ce."

"Na sani, shi ya sa babu wanda zai faɗa kamar kai."

"Matata ce," ya sake cewa, a hankali fiye da na farko. Ya ɗauki tirensa ya fita.

Ni ce na gano sauran. Wata Asabar yarinyar da ke tarbar baƙi ba ta zo ba, Mista Garrity ya tsaya a ƙofa da kansa. Na fito neman sa hannunsa kan kayan miya da aka kawo, sai na ji shi yana raka wasu baƙi yana magana ƙasa-ƙasa: "In za ku ban-ɗaki ku buɗe ido. Tsohuwar mai girkinmu ta rasu bana, amma wasu sun ce ba ta tafi ba. Gajera ce, shuɗiyar riga, akwai tabo a nan." Ya nuna wuyan hannunsa.

Na koma kicin na tsaya gaban tukunya ina juya abin da ba ya buƙatar juyi. In na yi shiru, tsohon nan zai ci gaba da zama a lungu yana narkewa. In na faɗa, ban san abin da zai yi ba. Da aka tashi daga abincin rana na je na same shi a kujerarsa na gaya masa komai.

Ya tashi, ya mayar da kujerar wurinta, ya nufi ofis. Na bi bayansa, don ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya tura ƙofar ba sallama.

"A ina ka ji zancen tabon?"

Mista Garrity ya ɗago, ya dube shi, ya dube ni, kunnuwansa suka yi ja.

"A wurin yaran kicin. Mista Cleophus, saurara, ban yi nufin..."

"Matar farko da ta ce ta gan ta, kai ka gaya mata?"

"Na ɗan ambata ne kawai. Mutane in ka ba su abu kaɗan, su ke ƙarasa sauran. Kai ma ai ka sani, sana'arka ce."

Na ɗauka zai kai masa hannu. Na ga yatsunsa sun dunƙule a gefen kwat. Amma sai ya ce, "Gaskiyarka. Sana'ata ce." Ya saki yatsunsa. "Gobe Lahadi gidan zai cika, ba zan bar yaran nan cikin wahala ba. In an tashi gobe, na gama."

"Haba, Mista Cleophus, mu zauna mu..."

"Na gama, yallaɓai."

A waje na ce masa ya yafe mini. Ya ce babu laifina. Ya ce, "Da ina kuka don ta ƙi zuwa wurina. Yanzu kuma an ce ba ta zo wurin kowa ba. Jonelle, ji nake kamar yau aka binne ta."

Lahadin nan zafi kamar a gasa mutum. Aka taso daga coci, gidan ya cika, mata da manyan huluna, maza da kwat suna fifita da takardar jerin abinci. Mista Cleophus yana zagayawa kamar kullum, sai dai duk wanda ya roƙe shi labarin Mis Cordelia sai ya ce yau makogwaronsa ba daɗi.

Ina tsame kaza daga mai na ji wata mace ta ɗaga murya a ɗakin cin abinci.

"Lainey? Lainey!"

Kiran farko na uwa ce mai jin haushi. Na biyu ya sauya. Na uku ya sa na sauke kaskon daga wuta na fito.

Misis Pruitt ce, matar wani mai shagon magani a garinmu. 'Yarta Lainey, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ta sauka daga kujera tana wasa a ƙarƙashin tebur, uwar na hira, da ta leƙa babu yarinya. Aka ɗaga mayafan tebura. Aka duba ban-ɗaki. Mista Garrity ya haura bene da gudu yana buɗe ɗakuna. Uban ya fita titi. Wani ya ambaci gangaren kogi, wanda ke tsallaken titi kaɗan, uwar ta ƙwalla ƙara, maza suka zubar da cokula suka ruga waje. Cikin ɗan lokaci gidan ya zama kango, abinci na hucewa a kan tebura, ana jiyo sunan yarinyar daga nesa ta kowace fuska.

Na koma ta lungun baya don in duba ɗakin tawul. A nan na ji iska mai zafi ta bugi fuskata. Babu taga a lungun. Na duba ƙarshensa, sai na ga ƙofar tsakar gida a buɗe, haske na shigowa. Makullin ƙofar nan yana ofis, kuma ko da makulli sai namiji ya sa kafaɗa take buɗuwa, don ta kumbura da damina.

"Mista Cleophus!" Muryata ta fito kamar ba tawa ba. "Zo nan."

Muka fita tare. Ciyawa ta kai gwiwa. Muka zagaya bishiyar ɓaure, sai ya damƙe hannuna da ƙarfi har na ji zafi.

Yarinyar tana tsaye a tsakiyar katakon da ya rufe rijiyar. Katakon ya yi baƙi, ya ruɓe, ya lotsa a ƙarƙashin ƙafarta kamar tabarmar da aka shimfiɗa a kan rami. Wani sashe a gefenta ya riga ya rufta, ana ganin duhu. Farar rigarta ta coci ta ɓaci da ruwan ɓaure. Ba kuka take ba, ba motsi take ba. Hannunta na dama yana sama, a miƙe, yatsu a lanƙwashe, daidai yadda yaro ke yi in babba ya riƙe shi za su tsallaka titi. Babu kowa a gefenta.

Na buɗe baki zan kira ta, ya toshe mini da tafinsa.

"Kar ki firgita ta," ya raɗa. "In ta taka sau ɗaya, shi ke nan. Tsanin nan na jikin tsohon kicin, ɗauko. A hankali."

Na ɗauko. Muka kwantar da tsanin a kan bakin rijiyar, wannan gefe zuwa wancan, dab da ƙafar yarinyar. Da ƙarfen tsanin ya taɓa bulo wani guntun katako ya ɓalle. Na saurari faɗuwarsa. Ya daɗe kafin na ji ya taɓa ruwa.

"Bari in kira maza," na ce.

"Babu lokaci. Danne wannan gefen da duk nauyinki."

Mutumin da ya haura saba'in ya cire farar kwat ɗinsa ya ninke ya ajiye a kan ciyawa, ya kwanta rub-da-ciki a kan tsani, ya fara jan jiki. Yana tafiya yana magana da muryar nan tasa ta ba da labari.

"Sannu 'yan mata. Ɓaure kika zo ci? Ai kin fi ni wayo, ni ban taɓa sanin ya nuna ba. Tsaya yadda kike, kin ji? Haka. Yarinyar kirki."

Lainey ta dube shi, ba ta sauke hannun ba. Katakon ya yi wata ƙara kamar an taka busasshen kara. Na ji mutane sun fara shigowa ta bayana, na ji numfashin uwar, wani ya riƙe ta ya rufe mata baki. Tsanin na lanƙwasa a tsakiya, ina jin yana neman zamewa daga ƙarƙashin gwiwoyina.

Ya kai. Ya miƙa dogon hannunsa ya zagaye ƙugunta. A daidai lokacin yarinyar ta sauke hannunta, kamar an sake ta, katakon gaba ɗaya ya rufta. Ƙura ta tashi, uwar ta yi ihu. Da ƙurar ta lafa sai ga shi kwance a kan tsani, rabin jikinsa a rataye, yarinyar na lilo a hannunsa ɗaya a kan baƙin rami. Maza suka yi caa, suka kama tsanin, suka ja su duka biyu zuwa ciyawa. Wajen jan ne ƙugunsa ya bugi bakin bulon. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

Uwar ta rungume 'yarta tana kuka tana duba ta ko'ina. Ko ƙwarzane babu.

"Me ya kawo ki nan? Wa ya buɗe miki ƙofa? Me ya sa ba ki amsa ba ina ta kira?"

"A buɗe take," in ji Lainey. "Na zo ɗaukar ɓaure sai ƙasa ta yi ƙara. Sai matar ta riƙe ni. Ta ce kar in motsa, kar in yi magana, sai Mabry ya zo."

Mista Cleophus yana kwance a ciyawa, gumi na zuba, fuskarsa ta yi toka-toka don azaba. Ya ɗago kai.

"Sai wa ya zo?"

"Mabry."

Na dubi Mista Garrity. Ya yi fari fat kamar alli. Ya girgiza mini kai, ya sake girgizawa, ya ce, "Na rantse da Allah ban san wannan ba. Ban taɓa ji ba." Na yarda da shi, don bai zo gidan ba sai bayan an binne ta, kuma tun ranar babu bakin da ya sake furta sunan nan haka.

"Zo nan, 'yata," in ji Mista Cleophus. Uwar ta matso da ita tana ɗari-ɗari. "Matar nan, tana ina yanzu?"

Yarinyar ta waiga wajen rijiyar, ta ɗaga kafaɗa. "Ta tafi."

"Ba ta ce ki gaya mini komai ba?"

Ta yi tunani, tana lasar ɗan yatsa. "A'a. Ta dai ce kullum sai ka ɓata wa mutane lokaci."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ya mayar da kansa kan ciyawa, ya rufe ido da hannu, kafaɗunsa na girgiza, har motar asibiti ta iso.

Ƙashin ƙugun ya karye, aka yi masa aiki, bai sake tafiya ba sai da sanda mai ƙafa huɗu. 'Yarsa Rosalind ta zo daga Memphis ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai a gida ba. Ya yi gardama iya ƙarfinsa, ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗauka a sa a mota, amma a ƙarshe motar aka sa shi.

Mista Garrity ya sa aka cike rijiyar da ƙasa a makon, aka zuba siminti. 'Yan jarida sun zo, ya ce musu yarinya ce ta ɓata aka same ta, iyakar labarin ke nan. Ya tara mu ya ce duk wanda ya ji yana ba baƙi labarin Mis Verlene, a bakin aikinsa. Zancen ƙofar kuwa, an yi ta ja-in-ja. Wasu suka ce mai gyaran famfo ne ya buɗe a farkon mako ya manta. Mai gyaran famfo ya ce shi ko lungun bai bi ba. Wasu suka ce yarinyar ta taɓa jin sunan a bakin iyayenta. Misis Pruitt ta ce su dai Mista Cleophus suka san shi da shi. Ta daina zuwa gidan, in mun haɗu a kasuwa sai ta gaishe ni da sauri ta wuce.

Na je Memphis na dubo shi sau ɗaya, da kaka. Na same shi a baranda, an rufa masa bargo a ƙafa, ya yi ƙiba kaɗan. Ya tambaye ni kowa da kowa, ya tambaya ko sabon yaron da aka ba aikinsa ya iya riƙe tire. Na ce yana koyo. Ya ce Rosalind na dafa masa ganye babu gishiri babu naman alade, wai umarnin likita, in taimaka in gaya mata ciyawa ta awaki ce. Sai da na tashi tafiya ya riƙe hannuna.

"Kina leƙa bayan nan?"

Na ce masa gaskiya, ba na iyawa. Ko da rana tsaka ba na iya taka tsakar gidan nan.

"Ba komai," ya ce. "Ni ma ban gan ta ba, kin sani. Ina kan tsanin nan, tsakanina da ita bai kai tsawon hannu ba, ban ga komai ba sai yarinya da rami." Ya matse hannuna. "Amma ta san zan zo."

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Ciwon huhu ne ya ɗauke shi cikin hunturu. Rosalind ta dawo da shi Natchez aka binne shi a maƙabartar cocinsu, kusa da matarsa. Mista Garrity ya rufe gidan ranar, ya ce in dafa duk abin da za a ci a zaman makoki daga kicin ɗinmu, shi da kansa ya yi ta jigilar tukwane a motarsa. Mutane sun taru fiye da yadda cocin zai ɗauka, baƙaƙe da farare, har da waɗanda ya yi wa hidima tun suna yara a kan cinyar iyayensu.

Bayan an watse daga kabari Misis Pruitt ta zo ta same ni, tana riƙe da Lainey, wadda ta yi tsawo har ta fara makaranta. Na durƙusa na tambaye ta ko ta tuna tsohon da ya ciro ta daga rijiya. Ta dubi uwarta, ta dube ni, ta ce ita ba ta taɓa shiga rijiya ba. Sannan ta tambaya ko akwai sauran kek.